Kaka ba shan kaye ko kofi biyu a jere: yadda za a auna

Masu bibiyar ƙwallon ƙafar Amurka da hoki na kan ƙanƙara a jami'o'i sun tsaya kan abu ɗaya: kafin a kwatanta, a ƙirga wasanni. Miami Dolphins ta NFL, babbar gasar ƙwararru ta ƙwallon ƙafar Amurka, ta ci wasa 17 ba faɗuwa a 1972, ƙungiyar hoki ta Jami'ar Cornell kuwa ta ci 29 a 1970, babu ko kunnen doki. Sai dai a lokacin, ƙungiyoyi huɗu kacal ne ke gasar ƙarshe ta hoki, yanzu 16 ne, kuma wasa ɗaya ke fitar da ƙungiya. Mai tsaron raga ɗaya da ya yi sa'a ya isa ya ruguza kaka.

Kada a ƙirga kakar da ba ta ƙare da kofi ba. A NFL, ƙungiyar Patriots ta ci 18 a jere a 2007, Giants ta doke ta 17 da 14 a Super Bowl, wasan ƙarshe na lashe kofin.

Maimaita kofi kuma ya fi nuna ƙarfin koci. Ɗan wasan jami'a shekaru kaɗan yake yi, gwanaye kan tafi NHL, babbar gasar hoki ta ƙwararru, da wuri, shi ya sa lashe kofin hoki da Jami'ar Minnesota Duluth ta yi a 2018 da 2019 ke da nauyi. A NFL, ƙayyade jimillar albashin da ƙungiya za ta biya 'yan wasanta tun 1994 ne ke wargaza zakaru.