Muhawara: Shin dogon zum yaudara ne?

Mai ƙorafi: Assalamu alaikum. Kwana uku ina fakon wani zalɓe da ke tsayawa a ɗaya gaɓar tafki, na ja zum ɗin kyamarata, wato abin da ke jawo nesa kusa, har ƙarshe, na ɗauki hoto ya fi ɗari biyu, amma da na buɗe su a kwamfuta sai na tarar ciyawar da ke gabansa ce ta fito tar, shi kuwa dishi-dishi. Ni dai na yanke hukunci cewa dogon zum ɗin nan yaudara ne kawai.

Dattijo: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kalmar yaudara ta yi nauyi. Kai ne ka bar wa kyamara zaɓi, ita kuwa abin da ya fi kusa take cafkewa. Ka mayar da fokus ɗinka, wato wurin da kyamara ke saitawa ya fito tar, ɗigo ɗaya, ka ɗora shi a kan idon tsuntsun, ka sa saurin shata, wato ƙyaftawar kyamara, ya kai 1/1000 na daƙiƙa, sannan ka kafa kyamarar a kan ƙafa uku, domin a irin wannan nisa ko numfashinka girgiza hoton yake yi.

Mai babbar kyamara: Allah ya ja kwana, Baba, amma yaron nan bai yi kuskure ba. Idan aka tallata maka cewa tsawon gilashin kyamara milimita 3000 ne alhali gilashin da ke hannunka bai kai 600 ba, kuma sensar, wato abin da ke kama hoto a cikin kyamarar, ba ta kai farcen ɗan yatsa girma ba, wane suna za a ba wannan?

Dattijo: Idan kyamarar Nikon P1000 ta 2018 kake nufi, a jikin gilashinta an rubuta 539 ɓaro-ɓaro, 3000 ɗin kwatanci ne da fim mai milimita 35. Wanda ya rubuta maka gaskiya ka ƙi karantawa bai yaudare ka ba.

Mai babbar kyamara: To, a kira shi ruɗi.

Hajiya: Malam, ruɗi da yaudara ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ku masu manyan kyamarori kullum so kuke a ce wanda bai ɗauki kaya niƙi-niƙi ba bai iya hoto ba. Abin da kowa ya manta shi ne iska: idan rana ta take, zafin da ke tashi daga ƙasa yakan sa iska ta riƙa rawa, wato ƙawalwalniya, kuma babu gilashin da zai ratsa ta ya fito da gashin tsuntsu fes, komai tsadarsa.

Malamin Hausa: Hajiya, a gafarce ni, ƙawalwalniya ita ce abin da matafiyi ke hangowa ya zaci ruwa ne. Rawar iska daban take.

Hajiya: Malam, dalilinsu ɗaya ne, zafi ne ke lanƙwasa haske. Hoto muke tattaunawa a nan, ba ƙamus ba.

Mai babbar kyamara: Bari in taƙaita wa waɗanda suka zo a makare. An amince cewa lambar da ake tallatawa ba ita ce ainihin tsawon gilashin ba, Baba da kansa ya tabbatar da haka, kuma Hajiya ta yarda cewa waɗannan ƙananan kyamarori ba sa iya aiki da rana.

Hajiya: Cewa na yi babu gilashin da zai iya, har da naka.

Mai ƙorafi: Don Allah, a ina ake mayar da fokus ɗin ɗigo ɗaya?