Wa ya taɓa canza fad da faifan birki da hannunsa a gida?

Abban Sadiq, Agege:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Corolla ce da ni ƙirar 2010, da ita nake zirga-zirga kullum tsakanin Agege da Apapa. Yau sati biyu ke nan, da na taka birki sai in ji ƙara kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe, kuma in ina saukowa daga gada da ɗan gudu sitiyari na karkarwa a hannuna. Bakaniken da na saba da shi ya tafi gida jinyar mahaifiyarsa, ni kuma raina bai kwanta da ba kowa birkin motar da nake ɗaukar iyalina ba. Na sayo fad na gaba, wato abin da ke goga faifan in an taka birki, a kasuwar kayan mota ta Ladipo, ina son in gwada da kaina ranar Lahadi. Wanda ya taɓa yi, a mota ko a babur, don Allah ya gaya mana abin da ya gani da idonsa.

Mai Sienna, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam Abban Sadiq. Aikin ba ya fin ƙarfin mutum, na yi shi sau huɗu a ƙofar gida. Amma kafin ka taɓa noti ko ɗaya, duba inda za ka tsayar da motar. Ka san ƙasar garin nan, sama busasshiya, ƙasa kuwa ruwa. Karon farko da na yi, a kan ƙasa na kafa jak bayan an kwana biyu da ɗauke ruwan sama. Na cire taya, na durƙusa ina leƙa bayan faifan, sai na ga motar na sunkuyowa a hankali, ashe gindin jak ɗin ne ke nutsewa. Allah ne Ya sa na janye kaina. Tun daga ranar ba na aiki sai a kan siminti, da ƙafar ƙarfe ta tokare mota, in kuma tura tayar da na cire ƙarƙashin motar. Bulo ba abin dogaro ba ne, farfashewa yake yi ba tare da ya ba ka sanarwa ba. Ka ja birkin hannu, ka sa dutse ko katako a bayan tayoyin baya, ka sassauta notin taya tun mota na ƙasa.

A irin motarka, sifana mai lamba 21 ce ke kwance taya, 14 ta kwance kalifa, wato abin nan da ke rungume da faifan yana matse shi, 17 kuma ta kwance mazauninsa in za ka cire faifan. In kalifa ya fito kar ka bar shi yana reto a jikin tiyon man birki, ka ɗaure shi da waya a jikin sifirin. Kuma ka yi ɓangare ɗaya ka gama kafin ka taɓa ɗayan, domin in ka rikice ka je ka duba yadda yake.

Ɗan Ikorodu:
Oga, mu namu na babur daban ne, amma bari in sa baki. Boxer ba ta da faifai, takalmi ne a cikin ganga gaba da baya. Tun da aka hana acaba a Ikeja, Surulere, Apapa da su Eti-Osa a watan Yunin 2022, da yawanmu muka koma lungunan da babu kwalta. Da damina taɓo da yashi ke shiga cikin gangar, su riƙa cin takalmin kamar ana goga shi da dutse. Ni da kaina nake canzawa bayan Asuba kafin in fita.

Abin da nake roƙon 'yan'uwa masu babur su daina: in takalmi ya cinye, sai mutum ya yi ta ɗaure notin sandar birki har ya ƙure, in ya ƙure kuma ya zare hannun birkin ya matsar da shi haƙori ɗaya ko biyu don ya ƙara kwana. Na yi hakan. Wata rana na taka birkin baya da fasinja, ɗan ƙarfen da ke buɗa takalman ya juye ya maƙale, taya ta ƙi sakewa, muka ja ƙasa. Ba mu ji ciwo sosai ba don ba gudu nake ba, amma matar da na ɗauko ta kuje gwiwa, kuma har yau abin na damuna. Kuɗin takalmi bai kai abin da na kashe a kemis ranar ba. In kun buɗe gangar kuma kar ku hura ƙurar da baki, ku goge da jiƙaƙƙen tsumma, ƙurar nan ba ta da kyau ga huhu.

Maman Ilham, Surulere:
Abban Sadiq, Allah Ya taimaka. Ni da ƙanena muka yi wa Accord ɗina 2007. Na gaba bai ba mu wahala ba, da matsi irin na kafintoci da tsohon fad muka mayar da fistin, wato ƙarfen cikin kalifa da ke tura fad, ciki. Da muka zo na baya muka yi ta matsawa ya ƙi motsi, har ƙanena ya ce a kawo guduma. Na ce a'a, a tsaya a tambaya. Ashe na bayan murɗa shi ake yi kamar noti yana shiga, saboda birkin hannu a cikinsa yake. Da mun buga da mun lalata shi. Na faɗa ne don masu irin motata. Kuma ku buɗe murfin man birki ku riƙa dubawa lokacin da kuke mayar da fistin, man yana hawowa sama. Namu ya zubo ya ci fenti.

Baba Tsohon Gareji, Alaba Rago:
Yarana, duk kun yi magana mai kyau, amma ba wanda ya amsa wa Abban Sadiq rabin tambayarsa. Ƙarar da yake ji ta fad ce. Karkarwar sitiyari kuwa ta faifai ce, kuma sabon fad ba zai kore ta ba. Na shekara sama da talatin a ƙarƙashin mota kafin gwiwa ta zaunar da ni, to ka saurara.

Kowane faifai akwai rubutu a gefensa ko a cibiyarsa, inda aka buga iyakar kaurin da ba a so ya gaza. Ka kankare tsatsar za ka gani. Ka ari ma'auni ka auna a tsakiyar inda fad ke gogawa, ba a baki ba, don bakin yana yin tudu ya yaudare ka. In ya kusa iyakar, kar ka kai a fere maka shi. Faifan da ya sirance ba ya ɗaukar zafi, kuma gosulon Apapa ba abin da yake yi sai dafa birki: taka, saki, taka, saki, awa biyu. Sannan ka fito da faifai da zafinsa ka faɗa cikin ruwan da ya kwanta a titi. Ga iskar teku mai gishiri da ke sa komai tsatsa. Shi ya sa birkin Legas ba ya kai kwanan na Kano.

In faifan ya manne ya ƙi fita, kar ka yi ta dukansa. Akwai 'yan ramuka biyu masu zare a fuskarsa, ka sa noti mai milimita 8 ka riƙa ɗaurawa bi da bi, da kansa zai ɓalle. Sai wurin da yawancin mutane ke sakaci: fuskar da faifan ke zama a kai. Ka goge ta da buroshin waya har sai ta yi fes. Ɗan ɓarɓashin tsatsa in ya rage, sabon faifai zai zauna a karkace, bayan 'yan watanni karkarwar ta dawo, ka ce an sayar maka da jabu. Sabon faifai yana zuwa da mai a jikinsa don kar ya yi tsatsa, ka wanke shi tas. Kuma biyu ake canzawa tare, hagu da dama, fad ma haka.

Mai Sienna, Idi-Araba:
Baba, Allah Ya ƙara girma. Amma ni faifan tokumbo, wato wanda aka yi amfani da shi a ƙasar waje, na sa, shekara biyu ke nan ban ji komai ba. Sabon da na taɓa saya a wani shago na bakin titi, kwalinsa mai kyau, wata huɗu ya yi ya fara rawa.

Baba Tsohon Gareji, Alaba Rago:
Ba na musa maka, ɗana. Tokumbo mai kauri ya fi sabon banza. Sharaɗin dai ka je da ma'auni, ka duba babu tsaga. Fad ne ban yarda a sayi tsoho ba ko kyauta ne.

Mai Kai Saƙo, Obalende:
Nawa babur ɗin na kai kaya ne, mai faifai a gaba. Na canza fad sau biyu cikin wata ɗaya, birki na santsi, na ɗauka fad ɗin ne marar kyau. Da na tsuguna na haska da fitilar waya sai na ga mai na tsatsowa daga shokin gaba, yana gangarowa kan faifan. Fad in ya sha mai ya tashi daga aiki, wanki ba ya dawo da shi. Sai da na gyara shokin tukuna. Man birki kuma ku duba abin da aka rubuta a murfi, nawa DOT 4 ne. Kar a zuba DOT 5 a kan 3 ko 4, ba jinsi ɗaya ba ne. Ragowar man da aka buɗe aka ajiye ya daɗe ma ku bar shi, yana shan danshin iska, kuma kun san danshin garin nan.

Alhajin Mile 12:
Abu ɗaya zan ce, kuma ina roƙonka da girman Allah ka riƙe shi. In ka gama ka ɗaure komai, kafin motar ta motsa ko taku ɗaya, ka yi ta taka birki har sai ya yi tauri a ƙafarka. Fistin ɗin da ka mayar ciki sai ya fito ya taɓa fad kafin birki ya kama. Ni na manta. Na sa ribas, na taka, ƙafata ta tafi har ƙasa babu komai, motar ta daki get ɗin gida. Minti biyu kafin nan jikata na wasa a daidai wurin. Ban iya cin abinci ba ranar.

Abban Sadiq, Agege:
Na dawo da rahoto. Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na yi aikin jiya a harabar wani maƙwabcina mai siminti, daga hantsi har La'asar.

Baba, maganarka ce ta fito. A jikin faifan an buga milimita 19, na auna na hagu ya sauka ƙasa da haka, sai na koma na sayo biyu. Wani abu kuma da na gani: a hagun, fad na ciki ya cinye har ƙarfe, na waje kuwa da sauransa sosai. Da na ja sandunan nan biyu da kalifa ke zamewa a kai, ɗaya ta fito sumul, ɗayar ta ƙi, robarta ta yage, ciki duk tsatsa da busasshen giris. Na wanke ta, na canza robar, na sa giris na birki, don mai shagon ya ce giris na gama-gari yana kumbura roba. Notin taya na ɗaure su a gicciye da sifanar awon ƙarfin ɗauri da na aro, a kan 103 Nm.

Alhaji, na tuna da jikarka, sau shida na taka kafin ya yi tauri. Daga nan na fita wani titi marar cunkoso na yi ta ɗan gudu ina rage shi a hankali kusan sau goma ba tare da na tsaya cak ba, don fad ya zauna. Yau da safe na sauko gada, sitiyari shiru.

Saura na baya, wanda ganga ce irin ta Ɗan Ikorodu. Na leƙa na ga sifirin-sifirin da yawa a ciki, ban taɓa ba. Baba, in gwiwa ta bari, zan zo Alaba Rago ranar Asabar in ɗauko ka ka tsaya a kaina.