Yarona ya gano bindigar babansa, me zan ce masa?

Maman Yara, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimake ni da shawara, hankalina a tashe yake. Maigidana fataucin shanu yake yi, yana bin kasuwanni daga nan Garwa har wajen Tuboro, a arewacin Kamaru. Bara masu garkuwa da mutane suka shiga rugar yayansa da dare suka tafi da ɗan yayan nasa, sai da aka sayar da shanu aka biya fansa suka sako shi. Uwar yaron ta yi yaji, aka yi biko, aka yi ta rigima kan wa zai biya bashin da aka ciwo, dangi suka rabu biyu. Har yau wasu ba sa amsa gaisuwata a wurin suna, wai maigida bai ba da abin da ya kamata ba, alhali bijimai biyu ya bayar kuma kowa ya gani. To tun daga lokacin ya shigo da bindigar farauta, kalibar 12, yana naɗe ta cikin bargo a ƙarƙashin gadonsa.

Ranar Juma'a maƙwabciyata ta ce min babban yarona, mai shekara 9, ya kai ɗanta da wani yaro ɗakin babansa ya nuna musu ita. Na gaya wa maigida, ya ce in yi shiru, in na tayar da maganar yaro zai yaɗa a unguwa. Ya dai sauya mata wuri. In yi wa yaran magana ko in bar shi haka? Ƙaramar shekararta 5.

Kawu Tsohon Soja:
Wa alaikumus salam 'yata. Shiru ba magani ba ne, unguwa ta riga ta ji tunda yara uku sun gani. Abin da aka ɓoye wa yaro shi yake nema. Babansa ya zaunar da shi, ya buɗe bindigar a gabansa, ya nuna masa babu harsashi a ciki, ya ce masa: wannan ba ta san ɗan gida ba, harbi ɗaya take yi kuma ba a mayar da shi. Sannan doka huɗu, ga ita ga duk bindigar da ya gani a gidan wani: ya tsaya, kada ya taɓa, ya bar wurin, ya kira babba. A maimaita masa har ya haddace. Ƙaramar kuma wannan kaɗai za a ce mata, ba sai an nuna mata komai ba.

Hajiya Ngaundare:
Ni dai Kawu ban yarda a nuna ba. A fitar da ita daga gidan kawai. Mazan nan ba sa jin maganar mace. Nawa ya shekara yana ajiye maganin feshin gona a ɗakin girki, na yi magana har na gaji, sai da uwarsa ta zo ta faɗa sannan ya ɗauke. Mu ne a gida da yara, su suna kasuwa, amma shawara ba a yi da mu.

Maman Yara:
Hajiya, maigidana ba haka yake ba, yana jin magana. Kuma ba ki ga yadda yaron can ya dawo daga daji ba. Ba zan ce masa ya rabu da ita ba.

Ma'aikaciyar Jinya:
Yaya, abu ɗaya ba ki faɗa ba: da harsashi a cikinta lokacin da yaran suka taɓa? Magana da yaro tana da kyau, amma yaro yakan ce to yau, gobe abokai su zuga shi. Abin da ke tsare rai shi ne a cire harsashi, a kulle bindigar a akwatin ƙarfe da kwaɗo, a kulle harsasan a wani wuri daban, makulli a jikin babansu. Harsashin kalibar 12 ƙananan ƙwayoyin darma ne da yawa a ciki, in ya fita bazuwa yake yi, a ɗaki ɗaya yana iya samun yaro fiye da ɗaya. Zana ko ƙofar langa-langa ba sa tare shi.

Kawu Tsohon Soja:
Kulle daidai ne, ban musa ba, amma gidan maƙwabta wa zai kulle miki? Mafarauta nawa ne ke jingine bindigar toka a bayan ƙofa? Ita wannan ma ta fi haɗari, don ba ka gane a ɗure take ko a'a da ido, albarushi yana ciki wata da watanni. Yaron da aka koyar shi ke tsira a gidan wani. Na faɗa, a nuna masa.

Malamin Islamiyya, Marwa:
'Yar uwa, ki haɗa masa da addini. Ya zo a Sahihu Muslim cewa wanda ya nuna ɗan uwansa da makami, mala'iku suna tsine masa har ya bari, ko da uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ni ko bindigar roba ta Sallah ba na barin ɗalibaina su nuna wa juna. Sannan yana da takardar izini? Dokar makamai ta 2016 a nan Kamaru ta hana riƙe bindiga ba izinin hukuma, har ta farauta.

Maman Yara:
Malam, ba maganar takarda na kawo ba, wannan tsakaninsa da hukuma ne.

Ɗan Mora:
Ku a Garwa da sauƙi. Mu tun 2014 da rikicin Boko Haram ya shigo, abin da muke gaya wa yara shi ne duk ƙarfen da suka gani a gona ko a rafi kada su ɗauka, su zo su faɗa a kira sojoji. Masu sayen tsohon ƙarfe su suka ɓata mana yara, a kan dala ashirin ma, wato sefa ɗari, sai yaro ya tono abin da bai sani ba. An yi ƙorafi, ba wanda ya hana su.

Ma'aikaciyar Jinya:
Yaya, har yanzu ba ki amsa ba. Yanzu haka a ɗure take?

Maman Yara:
Ai in ba a ɗure take ba, me amfaninta in an shigo da dare? Haka ya ce, kuma ni ma na ga gaskiyarsa. Inda ya mayar da ita ni kaina ban sani ba, balle yaro. Kuma yarona ba mai ƙiriniya ba ne, ɗan maƙwabciyar ne ya sa shi.

Hajiya Ngaundare:
Gidan da ke ba ki san inda take ba, shi da yake shiga ko'ina zai riga ki sani.

Kawu Tsohon Soja:
Hajiya ki bar tsorata ta. 'Yata, ki ce wa maigidan ya yi abin da na faɗa, in ya ƙi ki sa babban wansa ya yi masa magana.

Maman Yara:
Kawu, wan nasa ne ai ba sa magana tun batun fansar. Sai Talata zai dawo daga kasuwa, zan ga yanayinsa tukuna.