Madobiya da jan biri: wanne ya fi kusa da ƙarewa?

Kafintan Panteka:
Assalamu alaikum jama'a. An ba ɗiyata aikin gida ta kwatanta madobiya da jan biri, danginsu da halin da suke ciki. Ni dai ina ganin biri ne ke cikin matsala, don an daɗe rabona da in gan shi a hanyar Kachia. Ita kuma ta dage wai itacen ne. Masana daji, ku raba mana gardama.

Ɗalibar Gandun Daji, Afaka:
Wa alaikumus salam Baba. Ƙanwata, wato ɗiyarka, ce ke da gaskiya. Madobiya ita ce Pterocarpus erinaceus, dangin Fabaceae, gidansu ɗaya da wake, gyaɗa da ɗorawa. Jan biri kuwa Erythrocebus patas ne, dangin Cercopithecidae, inda gwaggon biri yake. A jerin ƙungiyar IUCN mai kula da kare halittu ta duniya, tun 2018 madobiya na rukunin masu haɗarin ƙarewa. Jan biri yana ƙasa da ita da mataki biyu, cikin waɗanda suka kusa shiga haɗari.

Kasuwar China ce ta jawo mata. Can ake yin kayan ɗaki masu tsada da jan katakonta, aka yi ta lodin gungumenta daga Taraba da sauran jihohi zuwa tashar jirgin ruwa ta Legas. A 2016 yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji, ta sa wa cinikinta takunkumi, a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya.

Ɗan Kachia:
Malam, abin na ci mini rai. Da hunturu madobiya kan zubar da ganye ta yi fure rawaya shar, tun daga nesa kana hango ta. In ta sake toho ƙarshen rani, ganyenta ne ke riƙe shanun Fulani kafin ruwa ya sauka. Ka sare ta, wani jan ruwa ke tsattsafowa kamar jini. Yanzu manyan da na sani a dajinmu sai kututture, ƙananan kuma masu gawayi ba su bar su ba.

Birin ma ba lafiya yake ba, ana harbinsa saboda ɓarnar gyaɗa da masara. Amma shi yana da ƙafa, duk cikin birai babu mai gudunsa a ƙasa.

Kafintan Panteka:
Allah ya saka da alheri. Shi ya sa faffaɗan katakonta ya yi wuya a kasuwa, sai sirara. 'Yata, a Afaka kuna renon dashenta kuwa? Ina da fili a Rigachikun, zan so in dasa ko guda ashirin da damina.