Mai fili ya karɓi kuɗi sannan ya fasa: kotu za ta iya tilasta shi?

Ɗan Garin Malam:
Assalamu alaikum. Yayana ya yi cinikin fili a unguwar Karkada ta Damagaram a kan sefa miliyan 3, ya biya miliyan 2 a gaban shaidu, aka rubuta takarda, mai filin ya dangwala yatsa. Da aka kai cikon kuɗin sai ya ce ya fasa, domin wani ya taya da tsada. Yayana filin yake so, ba ya son a mayar masa da kuɗi. Shin kotu tana da ikon tilasta wa mutumin ya miƙa shi?

Tsohon Magatakarda:
Wa alaikumus salam, ɗana. Tana da iko. Kundin dokokin hulɗar jama'a da Nijar ta gada daga Faransa ya tanada a sashe na 1583 cewa ciniki ya faɗa da zarar an daidaita a kan kaya da farashi, ko ba a gama biya ba, sashe na 1184 kuma ya ba wanda aka saɓa wa zaɓi tsakanin neman a cika alkawari da neman a warware shi a biya diyya. Yayanka ya sa a kai wa mai filin takardar gargaɗi ta hannun jami'in shari'a, da cikon kuɗin a shirye, sannan ya shigar da ƙara a kotun da ke da hurumi a Damagaram.

Hajiyar Sabon Gari:
Malam ya yi gaskiya, amma a sake karanta takardar da kyau. Idan ta nuna cewa kuɗin kafin alƙalami ne wanda ya bar ƙofar fasawa, sashe na 1590 ya yarje wa mai sayarwa ya janye, muddin zai mayar da ninki biyu. A ganina miliyan 2 cikin 3 ya fi kama da biyan farashi, sai dai alƙali rubutun zai duba.

Ɗan Birni:
Ku fara da mai unguwa, tunda sau da yawa kunyar dattawa tana warware abin da kotu za ta daɗe a kansa. Amma kada neman sulhu ya cinye lokaci, domin idan wancan mai tayin ya saya bai san da cinikinku ba, har ya yi rajistar filin da sunansa, ƙwato shi zai yi wuya ƙwarai, kuma mai yiwuwa diyya kaɗai za ta rage muku.