Jiƙon rama a sanyin Jos: ɓawo ya ƙi sakin kara

Daga Bukuru: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Damin rama ya kwana 18 a ruwa, ɓawon bai saki kara ba. A ƙara kwana ne ko a sake ruwan?

Daga Gwagwalada: Wa'alaikumus salam Malam. Kada ka sake ruwan, ai ma'aikatan naka a ciki suke. Abin da ya manne zare da kara wani danƙo ne da ake kira fektin, kuma ƙwayoyin bakteriya ne ke cinye shi. Masu son iska, dangin Bacillus, su ke fara aiki. In suka ƙarar da iskar ruwan sai dangin Clostridium su karɓa, su ne masu warin nan mai tsami. In ka zubar da ruwan, ka koma farko ke nan. Matsalarka sanyi ce. Sun fi aiki a digiri 30 zuwa 35. A zafin Abuja kwana 10 zuwa 14 sun isa, amma Jos tudu ne, kusan mita 1,200, da dare ruwa ya huce aiki ya tsaya.

Daga Rayfield: Gaskiya ne Alhaji. Shawarata a bar kududdufan kuza. Zurfi gare su, ƙasansu sanyi ƙalau, ga haɗarin nutsewa, sannan ruwan jiƙo yana shanye iskar da kifi ke shaƙa. A nemi durom na roba, baƙi, a aje a rana, da yamma a rufe shi da leda da buhuna. Ban da na ƙarfe, tsatsa tana baƙanta zare.

Kuma a saɓule ɓawon tun yana ɗanye, a naɗe shi kamar gammo, a jiƙa shi kaɗai. Ruwa kaɗan zai ci, ya kuma fi saurin nuna. In ruwan famfo ne a bar shi ya kwana a buɗe, kulorin ɗin ya fita.

Daga Kubwa: In dole sai da karan, a tara damin kwana 2 ko 3 ganyen ya zube, sannan a tsayar da gindin cikin ruwa kwana 3 kafin a kwantar da shi duka. Gindi ya fi kai kauri. In an haɗa su rana ɗaya, kan zai ruɓe gindin bai nuna ba. A danne da dutse, kada a danne da laka ko ɗanyen kututturen ayaba, suna dusashe launi.

Daga Bukuru: Hajiya, akwai abin da ake zubawa ya yi sauri?

Daga Kubwa: Mafi sauƙi shi ne tsohon ruwan jiƙon da ya yi kyau, bokiti ɗaya a durom, kamar yadda ake zuba tsohon nono a sabuwar madara. A Indiya, cibiyar binciken lalo da ke Barrackpore ta haɗa wani gari mai suna CRIJAF Sona daga Bacillus pumilus, ana barbaɗa shi tsakanin dami da dami, yana rage kwanaki. Wasu na sa ɗan takin yuriya. Ni ban cika so ba, in ya yi yawa sai a wuce gona da iri.

Daga Gwagwalada: Wucewar nan ita ce babbar asara. In danƙon ya ƙare, masu cin zaren kansa ne ke tasowa. Daga kwana na 8 a riƙa gwadawa kullum: a ciro ɗaya daga tsakiyar dami, a murza da yatsa. In silin ya rabu sumul, ya nuna. In yana kama hannu, da saura. In ka ja ya tsinke ba ƙara, ya wuce, ko igiyar ɗaure akuya ba zai yi ba. Da ya nuna a wanke a ruwa mai kyau har santsin ya fita, a shanya a igiya, ba a ƙasa ba.

Daga Rayfield: Shi ma tsiron da ake yadin lilin da shi, aikin ɗaya ne, sai dai karansa siriri ne, a ruwan ɗumi kwana 4 ko 5 ya isa. A arewacin Faransa yanzu shimfiɗa shi suke a gona, raɓa da funfuna su yi aikin cikin makonni. Ita kuwa hemp dangin wiwi ce, doka ta hana noma ta a Najeriya, mu tsaya kan ramarmu.

Daga Bukuru: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Durom guda nawa ne zai ɗauki ɓawon dami goma?

Daga Rayfield: Auna ɓawon tukuna, Malam. Kowane kilo ɗaya a ba shi kamar lita 10, ruwa ya rufe shi da taƙi guda.