Musayar waƙa: in Lamar ya jefa, me ake gani?

Baban Hanifa (Baltimore):
Salamu alaikum 'yan zaure. Ga waɗanda ba sa bin ƙwallon Amurka: kwatabak shi ne madugun 'yan kai hari, shi ke karanta tsaron abokan karawa cikin daƙiƙu biyu ko uku, ya yanke shawarar jifa ko gudu. Abin da ake rubutawa a kan namu, Lamar Jackson na ƙungiyar Baltimore Ravens, ya ishe ni. Babban amsa-amo "wa" ne.

Bismillahi na ɗau alƙalami,
Zan tanka wa masu baki mai tsami,
Da ke zagin Lamar babu ilimi,
Fatar jikinsa suke dubawa.

In ya jefa ƙwallo ta je daidai,
Su ce sa'a ce, ba komai a kai,
In ya zura da gudu har ya kai,
Su ce jininsu ne, ba ƙwarewa.

In Bature ya ɓata wasa,
Su ce yau ce kawai ba tasa,
In baƙi ne, a haɗo da kakansa,
Da duk wani baƙi da ke bugawa.

A 2018 Bill Polian, tsohon manajan ƙungiyar Colts, ya ce yaron ya bar jifa ya koma mai cafewa. A zaɓen sababbin 'yan wasa, sai a lamba ta 32 Ravens suka ɗauke shi. A 2019 ya zama gwarzon shekara, ba ƙuri'a ɗaya da ta kauce masa.

Sarkin Gardama (Buffalo):
Baban Hanifa, sassauta kuka,
Ba duk mai suka ke ƙin launinka,
In sanyin Janairu ya kama gwaninka,
Ƙwallon ma a hannunsa take zamewa.

Chiefs sun zo har gida sun doke ku,
Goma kacal kuka ci a filinku,
Mu ma mun kora ku garinku,
Shin fata ce ta hana ku cinyewa?

Chiefs sun ci ku 17 da 10 a Janairun 2024, mu 'yan Buffalo 27 da 25 a Janairun 2025. Kuma ɗan wasanku Mark Andrews fari ne fat, amma da ya saki ƙwallon maki biyun da za ta daidaita wasanmu da ku, ruwan zagi aka yi masa a intanet. Mai kallo in ransa ya ɓaci ba ya duba launi.

Uwar Biyu (Houston):
Sarki, zauna ka ji.

An zagi Andrews kan hannunsa,
Ba wanda ya tono asalinsa,
Ba a ce farare su bar wasa,
Don ɗayansu ya kasa cafewa.

Shugaban makarantu, mai tarbiyya,
Ya hau Facebook da tsohuwar ƙiyayya,
Wai baƙi bai iya yanke shawara ɗaya,
In lokaci ya zo na ƙurewa.

Da aka taso shi ya ce kuskure ne,
Wai ya zaci saƙon sirri ne,
To ko a sirrin ai ra'ayinsa ne,
Ya ajiye aiki bayan tonuwa.

A nan Texas aka yi, Satumban 2018, bayan kwatabak ɗinmu na Houston, Deshaun Watson, ya bar lokaci ya ƙare a hannunsa Titans suka doke mu. Mutumin da aka damƙa wa yaran gunduma guda ke nan, har da baƙaƙe.

Ɗan Kurmi (Kano):
Allah ya ja zamanin Uwar Biyu! Wallahi an kwance wa Sarki rawani a kasuwa. A kawo masa ruwa.

Sarkin Gardama:
Ɗan Kurmi, kai ko dokar wasan ba ka sani ba, zari-ruga kake ce masa. Hajiya, Watson ɗin da hukumar gasar, NFL, ta dakatar wasa 11 a 2022 shi kika ɗauko?

Uwar Biyu:
Ban wanke shi ba, kuma ba zan wanke shi ba. Mutumin can bai ce Watson ba, cewa ya yi baƙi.

Malam Mai Arulli (Zariya):
Jama'a, ina karantawa kunnena na ciwo. Hajiya, da girmanki: "An zagi Andrews kan hannunsa" gaɓa 9 ce, "Wai baƙi bai iya yanke shawara ɗaya" gaɓa 13, kuma duk a waƙa ɗaya. Wane kari ne wannan? Sannan amsa-amon "wa" na malalata ne, kowane aikatau ka liƙa masa "wa" ka wuce. Ga maganar Baban Hanifa a Mutaƙarab, ku auna:

Lamar ya yi jifa da kyau sai su ce,
Ƙafa ce da shi, ba tunani a kai.
Baƙi in ya kasa, jini ne ya sa,
Bature ya kasa, a ce yau kawai.

Fa'ulun fa'ulun fa'ulun fa'al. Ba ɗingishi.

Ɗan Kurmi:
Malam ya zo da sikeli da mudu,
Gobara ta tashi kowa na gudu,
Shi yana ƙirga gaɓa uku da huɗu,
Fa'ulun ɗinsa yake ta rerawa.

Allah gafarta Malam, makaɗan fada da na noma sun yi ta tsara waƙa da kunne da kalangu, ba wanda ya riƙe musu littafin arulli.

Malam Mai Arulli:
Waƙar baka daban, rubutacciya daban. Kai alƙalami ka ɗauka, ba kalangu ba.

Sarkin Gardama:
Tsaya Malam. Ɗango na uku ka ce "Baƙi in ya kasa", na huɗu ka ce "Bature ya kasa". Ina "in" ɗin ta tafi? Ka haɗiye ta don awo ya cika. Kuma an ce "wa", ka kawo "ai".

Malam Mai Arulli:
Larurar waƙa ke nan, an yarda da ita tun kafin a haife ka. Ma'ana ta fita ko ba ta fita ba?

Uwar Biyu:
Ta fita, kuma baitin ya yi daɗi, ban ƙi gaskiya ba. Amma ni na dawo daga aikin dare na rubuta nawa a tsaye. Wanda ke da lokacin awo ya auna.

Ɗan Kurmi:
Hajiya kada ki ba shi amsa. Baitinki na Andrews ya fi Mutaƙarab goma.

Alhaji Na Bronx:
Afuwan, sai yau jikata ta buɗe mini zauren. Malam, ni ma ɗingishin zan yi, ka yi haƙuri da tsoho.

'Ya'yana, zagin ya girmi waya,
Da can a ofis ake ƙulla tsiya,
Briscoe na Denver ya nuna iya,
Suka mai da shi mai cafewa.

Warren Moon suka ƙi ɗaukarsa,
Ya haye Kanada da jakarsa,
Kofi biyar a jere ƙungiyarsa,
Sannan Amurka ta fara waiwayowa.

Sai Doug Williams a San Diego,
Wanda ake wa kallon raggo,
Ya haɗa Denver da jikin bango,
Jifa huɗu, duk na cinyewa.

Marlin Briscoe ya yi jifan ci 14 a 1968, shekararsa ta farko, duk da haka bai sake riƙe gurbin ba. Moon da Edmonton sun ci kofin Kanada daga 1978 zuwa 1982. Williams kuwa Super Bowl ne, wato wasan ƙarshe na cin kofin NFL, na Janairun 1988: Washington 42, Denver 10, jifan nan huɗu duk a zango na biyu cikin huɗun wasan. Abin da masu ɗaukar 'yan wasa ke raɗawa a lokacin, wai baƙi ya yi gudu Bature ya yi tunani, shi nake gani yara na bugawa yau a waya.

Baban Hanifa:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wannan ya rufe bakin wani.

Sarkin Gardama:
Baba, ban musa tarihi ba, na durƙusa. Amma:

Mahomes da Hurts sun kara a Arizona,
Baƙi da baƙi, duniya ta shaida da rana,
Sun sake a New Orleans, ina ƙaryar zancena?
Ƙofar da kuke bugu ta gama buɗewa.

Kwatabak biyu baƙaƙe a Super Bowl: 2023 Mahomes ya ɗauka 38 da 35, 2025 Hurts ya rama 40 da 22. Har yaushe za a ce an danne ku?

Ɗan Kurmi:
Sarki ya ce ƙofa a buɗe take,
Tambayi Saka yadda cikinta yake,
Fenareti ɗaya ya ɓarar, aka farke,
Hoton biri suka yi ta turawa.

Wembley, Yulin 2021, shi da Rashford da Sancho. Suna ci 'yan Ingila ne, suna ɓararwa aka tuna daga ina iyayensu suka fito. Kuma Saka ya fi su biyun, wannan a rubuta.

Uwar Biyu:
Ga ɗan Arsenal ya sako tasa. Ba a nan ba, ƙanena.

Baban Hanifa:
Sarki, bar Arizona, zo mu yi ta gida, ta Josh Allen, kwatabak ɗinku na Buffalo, wanda fari ne.

Allen naku ma gudu yake zurawa,
Ku ce jarumi ne, ƙirji yake sawa,
Lamar ya yi irinta, ku ce tsere wa
Karatun fili yake, don bai ganewa.

Super Bowl ɗin da kake mana gori,
Naka ma bai je ba, bar fahari,
Shi ana ce masa "saura ƙiris, haƙuri",
Namu an ce gurbin zai sauyawa.

Ranar da ya yi jifan ci biyar a Miami, Satumban 2019, aka tashi 59 da 10, da 'yan jarida suka tare shi gatse ya yi musu, ya ce ba laifi ga wanda aka ce ɗan gudu ne. Ka soki ƙwallon da ya zubar a Buffalo, zan taya ka, ni ma na yi ihu a falo. Ka ce ba shi da kan riƙe gurbin, sai ka gaya mini a ina ka gano haka.

Sarkin Gardama:
Ni ban taɓa faɗa ba. Zan dawo da amsa in na sauke fasinja, kuma Allen ne gwarzon 2024, ka haɗiye wannan tukuna.

Malam Mai Arulli:
Baban Hanifa, baitinka na Allen ka yi ƙaramin amsa-amo da "wa", babba ma da "wa", ka kuma saɓi-zarce a tsakiyar "tsere wa". Kai kuma Sarki, "Sun sake a New Orleans, ina ƙaryar zancena" ba ɗango ba ne, wasiƙa ce. Wa zai gyara, ko in gyara?